Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Ƙididdiga Ta Ghana Kan Yawan Ma'aikata Da Abin Da Suke Samu A Shekara A Yankin Asante

Zuwa ga Shugaban Hukumar Ƙididdiga ta Ghana, Accra.
Kwafi ga Ministan Ƙwadago da wakilan Kwamitin Ɓangarori Uku mai yanke mafi ƙarancin albashi.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan hukumarka, na rubuto wannan wasiƙa daga Kumasi a kan buƙata guda ɗaya, wadda nake ganin ba ta fi ƙarfinku ba. Ina roƙon hukumarku ta riƙa fitar da jadawali sau ɗaya a kowace shekara, yanki bayan yanki, wanda zai nuna mutum nawa ne ke aiki a noma, da haƙar ma'adinai, da gini, da sufuri, da ciniki, da koyarwa, da aikin asibiti da sauran fannoni, ya kuma nuna abin da mai aiki a kowane fanni yake samu daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Na rubuta ta a buɗe domin mutanen da maganar ta fi shafa, mazauna Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Tafo da makamantansu, su ma su karanta, su san abin da aka roƙa, su kuma saurari amsar da za ta zo.

Ba na cikin masu cewa hukumarku ba ta aiki. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa mu miliyan 30.8 ne a ƙasar nan, Yankin Asante na da mutum miliyan 5.44, kuma Yankin Accra ya ɗara shi da kimanin mutum dubu 15 kacal. Kowane wata kuna sanar da hauhawar farashin kaya, na ƙasa baki ɗaya da na kowane ɗaya daga cikin yankuna 16, har mai sauraron rediyo ya saba da ranar fitowarsa. Ashe ɓangaren kashe kuɗi a rubuce yake wata-wata, ɓangaren samun kuɗin ne ya yi ƙaranci. Magidanci a Kumasi zai iya sanin da kashi nawa abinci ya tashi a yankinsa cikin watan jiya, amma da wuya ya sami takarda guda ta gwamnati da za ta gaya masa abin da birkila ko direban babbar mota ko malamin makarantar kuɗi yake samu a shekara a wannan yanki. Abin da ake da shi a warwatse yake. Akwai binciken ƙwadago na 2015, akwai binciken rayuwar gidaje zagaye na bakwai na 2016 zuwa 2017, akwai kuma binciken kuɗin shiga da kashewa na gidaje da kuka fara a 2022, wanda ke ba da labarin aiki bayan kowane wata uku. Duk suna da amfani, amma ko dai shekaru sun rata tsakaninsu, ko kuwa alƙalumansu na albashi sun fi ƙarfi a matakin ƙasa, idan aka gangaro yanki da fanni a lokaci guda sai su yi rauni.

Wurin da wannan giɓi ya fi yin ɓarna shi ne teburin da ake yanke mafi ƙarancin albashi. Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta ɗora wannan alhaki a kan Kwamitin Ɓangarori Uku, wanda ya haɗa gwamnati da masu ɗaukar ma'aikata da ƙungiyoyin ƙwadago. Sun yanke sidi 12.53 a yini a 2021, sidi 13.53 a 2022, sidi 14.88 a 2023, sidi 18.15 a 2024, sannan sidi 19.97 a 2025. Idan aka ninka na 2025 da kwana 27, kamar yadda hukumar fansho ta SSNIT take lissafin wata, za a sami sidi 539.19, wato kimanin sidi 6,470 a shekara. Tambayar da ya kamata kowane wakili a kwamitin ya iya amsawa kafin ya sa hannu ita ce, mutum nawa ne a Yankin Asante ke karɓar wannan adadi, nawa ne ke karɓar ƙasa da shi duk da doka ta hana, kuma a waɗanne fannoni suka taru. Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna mai riga, amma mu ga shi ana yanka adadi guda ga ƙasa ɗungurungum, daga Accra har Bawku, alhali awon bai cika ba. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100. Ƙarin da aka yi wa mafi ƙarancin albashi na shiga 2023 kashi 10 ne, ma'aikatan gwamnati kuwa aka ƙara musu kashi 30 a kan tushen albashinsu. Ban ce rashin alƙaluma ne kaɗai ya jawo wannan bambanci ba, domin ƙarfin ƙungiya da barazanar yajin aiki su ma sun yi tasiri. Sai dai ba abin mamaki ba ne a ce waɗanda aka san yawansu da albashinsu har kwabo sun fi samun mai tsaya musu.

Hujjata cewa aikin zai yiwu daga wurinku na samo ta. A farkon 2023 kun fitar da rahoto a kan rashin daidaiton albashi a aikin gwamnati, wanda kuka gina a kan takardun biyan albashi na Ofishin Akanta Janar na watan Disamba 2022. Rahoton ya ƙunshi ma'aikata kusan dubu 688, ya nuna cewa matsakaicin abin da ke shiga hannun ma'aikaci a wata sidi 2,594 ne, mafi ƙanƙanta sidi 418, mafi girma sidi 33,855, wato na sama ya ninka na ƙasa sau 81, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 ba su kai sidi 3,000 ba. An yi kwanaki ana tattauna shi a gidajen rediyo da majalisun shayi, domin a karon farko mutane sun ga lambobi a maimakon jita-jita. Ba ku fita ƙauye ko ɗaya ba wajen haɗa shi, takardun da gwamnati ta riga ta mallaka kuka buɗe. Amma ma'aikatan gwamnati 'yan tsiraru ne a cikin masu neman abinci a ƙasar nan, kuma abin da aka yi sau ɗaya ba ya nuna ko lamarin yana gyaruwa ko yana lalacewa.

Akwai ƙasashen da suka mai da wannan aiki al'ada, kuma Amurka ce misalin da ya fi kusa da mu, saboda 'ya'yanmu da ke zaune a can. Ofishin Ƙididdigar Ƙwadago na Amurka, wanda aka kafa tun 1884, yana fitar da jadawali kowace shekara ga kowace jiha daga cikin jihohi 50, a kan sana'o'i kimanin 830, inda ake ganin yawan masu yin kowace sana'a, da matsakaicin albashinsu na shekara, da albashin na tsakiya, da na waɗanda ke can ƙasa da na waɗanda ke can sama. Suna tattara bayanan daga wuraren aiki kimanin miliyan 1.1 a cikin shekara uku. Suna da wani lissafin na biyu da ke fitowa bayan kowane wata uku, wanda suke ɗebowa daga rahotannin da kamfanoni ke miƙawa don inshorar rashin aiki, ya ƙunshi fiye da kashi 95 cikin 100 na ayyukan albashi, kuma an rarraba shi fanni-fanni har zuwa matakin gunduma. Saboda haka yarinyar da ta tashi a Asawase ta koma Bronx a birnin New York za ta iya duba wayarta ta kwatanta abin da mai kula da tsofaffi ke samu a jihar New York da na jihar Ohio kafin ta yanke shawarar ƙaura, alhali ƙaninta da ke gida ba shi da hanyar kwatanta walda a Kumasi da walda a Tema sai ta bakin abokai.

Ba ina roƙon ku kwafo tsarinsu yadda yake ba ne, domin ba zai zauna mana ba. Su idan za su fitar da albashin shekara, ladan awa suke ninkawa da awa 2,080, wato awa 40 a mako har mako 52, kuma binciken nasu na sana'o'i bai haɗa da masu aikin kansu ba. A Ghana kuwa kusan mutum takwas cikin kowane goma masu aiki suna wajen tsarin albashi ne. Wanda ya bi hanyar Amurka sak a Kumasi zai ƙidaya ma'aikatan asibitin koyarwa na Komfo Anokye, da malaman jami'ar KNUST, da ma'aikatan bankunan Adum, ya rufe littafinsa, ya bar kasuwar Kejetia da garejojin Suame da masu katako na Sokoban da mayankar Kaase a waje, wato ya bar garin kansa. Abin koyi a wurinsu shi ne dagewa a kan fitar da jadawalin kowace shekara a kan kari, da gangarowa da shi har inda talaka zai ga sana'arsa a ciki. Hanyar lissafi kuwa dole mu ƙera tamu.

Ku ɗauki Suame Magazine, inda makanikai da masu walda da masu fenti da masu sayar da kayan gyaran mota suka cika unguwa guda. Shekara da shekaru ana maimaita cewa mutum dubu 200 ke aiki a wurin, adadin ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, 'yan siyasa da 'yan jarida kowa na karɓa daga bakin wani. A gareji guda za ka tarar da masta, da manyan yara biyu ko uku da hannunsu ya faɗa, da ƙananan 'yan koyo waɗanda iyayensu suka biya kuɗi kafin a karɓe su. Ƙaramin yaro ba ya da albashi, ranar da aiki ya shigo masta ya ba shi na abinci da na mota, ranar da babu ya haƙura. Babban yaro yana samun wannan, yana kuma samun abin da mai mota ya miƙa masa a gefe, da ɗan aikin da yake kamawa da kansa bayan an tashi. Shi kuma masta kuɗin da ke shiga hannunsa ya haɗa da na kayan da zai sayo, da na wuta, da na fili, da harajin gunduma. Idan ma'aikacinku ya zo da kwamfutarsa ta hannu ya tambayi waɗannan mutum uku nawa ne albashinsu a wata, biyu za su ce ba su da albashi, na ukun ya faɗi adadin da ya ga dama, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, tambayar ce ba ta dace da wurin ba. Abin tambaya shi ne nawa ya shigo jiya da shekaranjiya, nawa aka kashe a kan aikin, kwana nawa aka yi aiki a makon da ya wuce, sannan wane wata ne na samu wane ne na zaman banza.

Wannan batu na watanni shi ya sa na nace a kan lissafin shekara maimakon na yini ko na wata. Telan zango a goman ƙarshe na azumi a shago yake kwana, keke ba ya tsayawa sai don sahur da salla, kuma abin da ya samu a waɗannan kwanaki shi zai ja har Babbar Salla. Daga nan sai ɗinkin kayan makaranta idan an koma hutu, sai na Kirsimeti, sai kayan makoki da Asantawa ke ɗinkawa saboda jana'izar ranakun Asabar. Wanda ya tambaye shi ana saura kwana uku Salla zai rubuta shi a cikin masu hali, wanda ya tambaye shi bayan Salla da wata guda zai rubuta shi a cikin matalauta. Haka dillalan shanu da raguna da mahauta suke da lokacin layya, haka magina suke da damina idan ruwan Yuni ya tsananta aka daina zuba kankare, haka kuma duk cinikin garuruwan da ke kewaye da mu yake motsawa idan kuɗin koko ya fara shigowa daga watan Oktoba. Ga kuma wani abin da ya kamata masu tsara binciken su lura da shi: azumi da layya suna matsowa gaba da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka binciken da aka kafe shi a wata guda na kalandar Bature zai faɗa cikin kakar tela a bana, ya kuskure ta bayan 'yan shekaru, sai a ga kamar sana'ar ce ta faɗi.

Matuƙin pragya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, da na aboboya mai ɗaukar kaya su ma kuɗin da ke ratsa hannunsu ba nasu ba ne duka. Akwai abin da za a kai wa mai abin hawa kowace yamma, ko kason mako idan yarjejeniyar ta a yi aiki a biya a mallaka ce, akwai mai, akwai tikitin tasha, akwai faci da gyara. Yaran da ke taya mai waakye, wato shinkafa da wake, aiki suna tashi tun kafin asuba, ana sallamarsu kullum, kuma rabin ladansu abinci ne. 'Yan matan da suka gangaro daga arewa suna dako a Kejetia ladansu a kan kowane kaya ne, daga ciki suke biyan wurin kwana da ruwan wanka. Duk waɗannan sai an cire abin da aka kashe, an kuma sa wa abinci da makwanci kima, kafin a ce ga abin da mutum ya samu.

Akwai wani rukuni da ya fi ba ni tausayi, domin a ido ma'aikatan albashi ne, a takarda kuwa babu su. Su ne malaman ƙananan makarantun kuɗi, da masu gadi, da masu zuba mai a gidajen mai, da masu jiran kanti. Doka ta ce wanda zai yi aikin wata shida ko fiye a ba shi yarjejeniya a rubuce, aikin mako kada ya wuce awa 40, hutun shekara kada ya gaza kwanakin aiki 15. Da yawansu ba su taɓa ganin takardar ɗauka ba, ba a zuba musu fansho, kuma malami a irin waɗannan makarantu yakan rasa albashin watan hutu da hujjar cewa yara ba su biya ba. Wanda ake biya wata tara ko goma a shekara, albashinsa na wata ba ya faɗin gaskiyar halinsa. Jami'in ƙwadago da ke son tilasta bin doka yana buƙatar sanin fannin da ɓarnar ta fi yawa, don ya san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa.

Idan Allah ya sa kuka karɓi wannan roƙo, ina jan hankalinku kada ku tsaya a matsakaici kaɗai. A Obuasi akwai mahaƙar zinariya ta AngloGold Ashanti, wadda ta koma fitar da zinariya a ƙarshen 2019 bayan shekarun da ta yi a tsaye, kuma a dazukan yankin akwai dubban samari masu galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Idan aka zuba injiniyan kamfani da yaron da ke wanke ƙasa a bakin rafi a layi guda mai suna haƙar ma'adinai, aka raba kuɗinsu daidai, adadin da zai fito ba na kowa ba ne a cikinsu, kuma zai iya ruɗar yaron da ke tunanin barin makaranta. A nuna mana abin da na tsakiya yake samu, wato wanda rabin mutane suka fi shi rabi kuma ya fi su, a nuna na kashi goma na ƙasa da kashi goma na sama, a raba masu takardar aiki da marasa ita, a raba maza da mata. Haka nan a yawan masu aiki. Ma'aunin da ake bi a duniya, wanda ku ma kuke bi, yana ɗaukar duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya a cikin kwana bakwai a matsayin mai aiki. Da wannan ma'auni kuka sanar da rashin aikin yi na kashi 14.7 cikin 100 a watanni tara na farkon 2023. Ba na jayayya da ma'aunin, amma saurayin da ya sauke buhunan albasa ranar Talata ya zauna sauran mako ya shiga cikin masu aiki, kuma mahaifiyarsa ba za ta yarda da wannan hukunci ba. Idan an ajiye awannin aiki da kuɗin shekara kusa da adadin, kowa zai fahimci abin da ake nufi.

Na san za a kawo maganar kuɗi, musamman a ƙasar da ta shiga shirin lamunin dala biliyan 3 na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, a 2023. Amsata ita ce rabin aikin an riga an biya kuɗinsa. Ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2008, mai lamba 766, duk mai ɗaukar ma'aikata yana miƙa wa SSNIT sunan kowane ma'aikaci da albashinsa kowane wata, domin a cire kashi 5.5 daga ma'aikaci a haɗa da kashi 13 na ubangida. Masu zubawa sun kai kimanin miliyan 2. Hukumar Tara Haraji tana karɓar harajin albashi wata-wata, Ofishin Akanta Janar yana da na gwamnati, kuma tun 2021 lambar katin shaidar ɗan ƙasa na Ghana Card ta zama lambar haraji, an kuma haɗa ta da ta fansho, saboda haka ana iya gane mutum guda a littattafai uku ba tare da an ƙidaya shi sau uku ba. Dokar da ta kafa hukumarku a sabon tsari, ta 2019 mai lamba 1003, ta ba ku matsayin jagorar ƙididdiga a ƙasa. Akwai tarko biyu da ya kamata a kauce musu. Na farko, fansho a kan tushen albashi ake cire shi, kuma sanannen abu ne cewa wasu kamfanoni suna ƙanƙanta tushen su kumbura alawus don su rage abin da za su zuba, saboda haka sai an gwada da takardun haraji. Na biyu ya fi shafar mu kai tsaye: banki ko kamfanin waya ko na gine-gine da hedikwatarsa ke Accra yana iya miƙa sunayen ma'aikatansa duka daga can, har da waɗanda ke Kumasi da Konongo da Mampong. Idan ba a nemi kowane kamfani ya faɗi inda ma'aikaci yake aiki a zahiri ba, jadawalin zai kumbura Accra ya rame sauran yankuna.

Sauran rabin, na masu aikin kansu, shi ne ke buƙatar ƙafa da haƙuri. Binciken gidajen da kuka fara a 2022 ya ɗauki gidaje kimanin 10,800 a faɗin ƙasa. Wannan ya isa a yi maganar Ghana, amma idan aka raba shi ga yankuna 16, aka sake raba kason kowane yanki ga fannonin aiki wajen ashirin, wani layin mutum ƙalilan ne za su rage a cikinsa, kuma ba a gina hukunci a kan mutum ƙalilan. Ko dai a faɗaɗa samfurin a manyan yankuna, ko a tara na shekara biyu ko uku a haɗe kamar yadda Amurkawa ke yi. Ƙidayar wuraren kasuwanci ta 2024, wadda ta biyo bayan ta 2014, ta ba ku jerin da za ku zaɓo garejoji da shaguna da rumfuna daga ciki. A koma wa mutum guda sau huɗu a shekara domin a kama kaka da rani na sana'arsa. Babban cikas shi ne tsoro, domin a kasuwa duk wanda ya zo da takarda yana tambayar ciniki, mai haraji ake ɗaukarsa, kuma da dalili. Doka ta wajabta muku sirranta abin da aka faɗa muku, amma 'yan kasuwa ba su san haka ba, sai an gaya musu ta bakin wanda suka yarda da shi. Ku bi ta sarakunan zango da limamai, da sarkin fawa, da shugabannin tashoshin mota, da iyayen kasuwa mata, da ƙungiyoyin teloli da na masu gareji. Ku ɗauki masu tambaya daga cikin unguwannin, waɗanda ke jin Hausa da Twi da Dagbani da Frafra, domin mace mai dako ba za ta buɗe lissafinta ga wanda take magana da shi ta bakin tafinta ba.

Gwamnati ma tana da riba a ciki. A 2018 an ƙaddamar da shirin NABCO, aka ɗauki masu digiri dubu 100 a kan sidi 700 a wata, shirin ya ƙare a 2022, har yau kuma ana gardama a kan ko nawa ne daga cikinsu suka sami aiki na dindindin. An yi shirin masana'anta guda a kowace gunduma, yanzu kuma ana maganar tattalin arzikin awa 24 da shirin koyon sana'a na ƙasa. Kowace gwamnati tana faɗin ayyukan da ta samar, 'yan adawa su ƙaryata, mu kuma ba mu da alƙali. Jadawalin da ke fitowa kowace shekara daga hukumar da ba ta kowace jam'iyya ba zai nuna ko masu aiki a masana'antun Asante sun ƙaru, ko kuwa ƙaruwar duk a tallan bakin titi take.

Game da zanguna, ba na roƙon a rarraba jadawalin bisa ƙabila ko addini, kuma ina ganin yin haka zai fi jawo fitina a kan amfani. Gunduma ta wadatar. Idan aka fitar da na Asokore Mampong, wadda Aboabo da Asawase da Sawaba ke cikinta, kusa da na Suame da Oforikrom da Kwadaso da tsakiyar Kumasi, ko da bayan shekara uku-uku ne saboda ƙarancin samfuri, duk mai ido zai ga inda aka bar mutane a baya. Asusun Raya Zanguna da aka kafa da doka a 2017 zai sami abin dogaro wajen zaɓar sana'ar da zai koyar, maimakon a tara matasa a koya musu yin sabulu a garin da masu sabulu suka riga suka yi yawa. Uban da ke da kuɗin abu guda, ko ya kai ɗansa koyon wayarin mota ko ya biya masa makarantar koyon aikin jinya, zai yanke shawara da abin da ya fi labarin maƙwabci ƙarfi. Yarinyar da dillali ke yi wa alkawarin aikin gida a ƙasashen Larabawa za ta iya ajiye alkawarin kusa da abin da mai ɗinki ko mai kitso ke samu a nan cikin shekara, ta cire kuɗin da za ta ci bashi don tafiyar.

Abin da nake nema a aikace shi ne ku fara da Yankin Asante a matsayin gwaji, tunda ya haɗa ma'adinai da koko da katako da ƙere-ƙere da babbar kasuwa, duk abin da zai ba ku wahala a wani yanki za ku gamu da shi a nan. Kashin farko, na masu albashin da ke cikin littattafan fansho da haraji da na Akanta Janar, ana iya fitar da shi ba tare da jiran sabon bincike ba. Ku sa masa rana tsayayya a shekara, wadda za ta riga zaman Kwamitin Ɓangarori Uku, domin wakilan ƙungiyar ƙwadago ta TUC da na masu ɗaukar ma'aikata su shiga ɗaki da takarda iri ɗaya. Ku buga shi a shafi biyu ko uku da mai ilimin sakandare zai iya karantawa a waya, ku kuma aika taƙaitaccen bayaninsa da Hausa da Twi ga gidajen rediyon Kumasi. Ina roƙon ku amsa wannan wasiƙa a fili, ku faɗi abin da zai yiwu cikin shekara mai zuwa, da abin da ke buƙatar kuɗi daga Ma'aikatar Kuɗi ko izini daga wata hukuma, domin mu san wanda za mu tura wa 'yan majalisarmu na Asawase da Suame da sauran mazaɓu.

Na gode. Allah ya taimake ku a kan aikinku.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin makaranta,
Aboabo, Kumasi.